FANSHON MAMACI DA HAKKIN SAKAKKIYAR MATA A AMURKA

Ranar 5 ga watan Janairu, 2025, Shugaban Ƙasar Amurka na wancan lokaci, Joe Biden, ya sa hannu a kan wata doka wadda ta soke wasu ƙa'idoji biyu da suka shafe fiye da shekara 40 suna zabge kuɗin fanshon malaman makaranta, da 'yan sanda, da ma'aikatan kashe gobara, da sauran ma'aikatan gwamnati na ƙasar. Daga cikin waɗanda wannan doka ta share wa hawaye akwai wani rukuni na jama'a wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau tsofaffin mata waɗanda aurensu ya mutu tun da daɗewa, sa'an nan daga baya tsofaffin mazan nasu suka rasu. Bisa ga dokar Amurka, irin wannan mata tana iya karɓar fanshon mamacin duk wata har iyakar ranta, ko da kuwa sun yi shekara 30 rabonsu da su ga juna, ko da kuma ya mutu ya bar wata matar a ɗaki.

Ga wanda ya saba da cewa saki yana yanke kowace igiya tsakanin miji da mata, wannan batu abin mamaki ne. Saboda haka ya dace a duba asalin wannan hakki, da sharuɗɗansa, da kuma inda ake sukarsa.

ASALIN TSARIN

Tsarin fansho na ƙasa baki ɗaya, wanda Amurkawa ke kira Soshiyal Sekuriti, ya samo asali ne daga dokar da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 14 ga watan Agusta, 1935, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, tsofaffi da yawa suka rasa abin kai wa baka. Yadda ake tara kuɗin shi ne, ana cire kashi 6.2 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara wani kashi 6.2. Wanda ya yi kimanin shekara 10 yana biyan wannan haraji ya cancanci fansho, kuma ana lissafa yawan fanshon ne daga shekaru 35 da ya fi samun albashi mai tsoka a cikinsu.

Da farko ma'aikacin kaɗai dokar ta sani. Sai a 1939 aka yi mata gyara, aka shigo da matar aure, da 'ya'ya ƙanana, da matar da mijinta ya rasu. Amma matar da aka saka ta daɗe a waje. Idan mace ta yi shekara 25 tana girki da raino ba tare da aikin albashi ba, ranar da alƙali ya raba auren ta fita ba ta da sisin kwabo a littafin hukuma, domin sunan mijin ne kaɗai ke rubuce a kan harajin da aka biya.

A 1965 ne Majalisar Dokokin Amurka ta amince cewa sakakkiyar mata tana da rabo, amma da sharaɗin auren ya kai shekara 20, kuma ta nuna cewa ta dogara ga tsohon mijin wajen ci da sha. A 1972 aka janye sharaɗin dogaro. A 1977 kuma, ganin yadda mutuwar aure ta yawaita a ƙasar, aka rage shekarun daga 20 zuwa 10, aka fara aiki da wannan gyara a watan Janairu, 1979. A cikin waɗannan shekaru ne kotuna suka riƙa rushe bambancin da ake yi tsakanin maza da mata. Misali, a shari'ar Goldfarb ta 1977, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ba daidai ba ne a tilasta wa mijin da matarsa ta rasu ya kawo shaidar dogaro da ita, alhali ba a neman irin wannan shaida daga mace. Gyaran 1983 ya kammala daidaita jinsunan biyu a rubuce. Don haka duk abin da aka faɗa a nan game da mace ya shafi namiji wanda tsohuwar matarsa ta rasu, sai dai mata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba cikin masu karɓa, domin sun fi maza tsawon rai, kuma albashinsu ya fi ƙanƙanta.

SHARUƊƊA UKU

Sharaɗi na farko, kuma mafi tsanani, shi ne auren ya cika shekara 10 cif, daga ranar ɗaurin aure zuwa ranar da kotu ta tabbatar da saki. Hukuma ba ta duba ranar da matar ta yi yaji ko ranar da aka raba ɗaki, takardar kotu kawai take dubawa. Wadda ta yi shekara 9 da wata 11 ba ta da kome. Wannan ya sha bamban da matar da mijinta ya rasu suna tare, domin ita wata 9 na aure sun wadatar da ita. Akwai sassauci guda ɗaya: idan sakakkiyar tana rainon ɗan mamacin wanda bai kai shekara 16 ba, ko kuma ɗan naƙasasshe ne, to ba a neman shekara 10 daga gare ta, kuma za a ba ta kashi 75 cikin 100 muddin tana rainon.

Sharaɗi na biyu shi ne shekarun haihuwa. Tilas ta kai shekara 60, ko kuwa shekara 50 idan tana da naƙasar da ta hana ta aiki.

Sharaɗi na uku ya shafi sake aure. Idan ta yi wani aure kafin ta cika shekara 60, hakkinta ya tsaya muddin wannan aure na nan. Idan auren ya mutu, ko sabon mijin ya rasu, hakkin ya dawo. Amma idan ta haƙura sai bayan ta cika 60 sa'an nan ta yi aure, to babu abin da zai taɓa kuɗinta. Watau bazawara mai shekara 59 wadda ta yi gaggawar ɗaura aure da 'yan watanni tana iya yin asarar kuɗin da za ta ci har tsufanta.

Wani abin lura shi ne, wannan hakki daga dokar tarayya ya fito, ba daga wasiyyar mamaci ba. Tsohon miji ba shi da ikon hana shi, danginsa ma ba su da shi. Har ila yau, abin da aka ba sakakkiya don tsufanta ba ya rage ko ƙwandala daga rabon matar da mamacin ya bari. Mutumin da ya auri mata uku bi da bi, kowacce ta yi shekara 10 a gidansa, idan ya rasu kowacce tana iya karɓar cikakken fanshonsa. Asusun gwamnati ne ke ɗaukar nauyin, ba a raba kaso ɗaya gida uku.

NAWA AKE BIYA?

Muddin tsohon mijin yana da rai, iyakar abin da sakakkiya za ta samu shi ne rabin cikakken fanshonsa, kuma ba za ta fara karɓa ba sai ta kai shekara 62. Da zarar ya rasu lissafi ya sake. Idan ta fara karɓa tana da shekara 60 za a ba ta kashi 71.5 cikin 100. Idan ta jira har ta kai cikakkun shekarun ritaya, waɗanda ke tsakanin 66 da 67 gwargwadon shekarar haihuwarta, za ta sami kashi 100.

A ɗauka, alal misali, cikakken fanshon mutum dala 2,000 ne a wata. Yana raye, tsohuwar matarsa ba za ta wuce dala 1,000 ba. Bayan rasuwarsa za ta sami dala 1,430 idan ta nema tana da shekara 60, ko dala 2,000 idan ta jira. Amma fa idan mamacin ya yi gaggawar fara cin fanshonsa tun yana da shekara 62, har aka rage masa, to wannan ragi zai bi ta, ko da yake doka ta kafa iyaka cewa ragin da gaggawarsa ta jawo ba zai sauko da ita ƙasa da kashi 82.5 cikin 100 ba. Idan kuwa ya jinkirta har fanshonsa ya ƙaru, ƙarin ma zai bi ta. Ashe shawarar da mutum ya yanke shi kaɗai tana shafar matar da ya rabu da ita shekaru da dama.

Ba a haɗa wa mutum fansho biyu. Idan ita ma ta yi aiki tana da nata, wanda ya fi yawa shi take ci. Sai dai a nan akwai wata ƙofa wadda masu sani ke amfani da ita. Doka ta yarda ta fara da ɗaya, daga baya ta koma ɗayan. Tana iya karɓar fanshon mamacin tun tana da shekara 60, ta bar nata yana ƙaruwa da kashi 8 cikin 100 kowace shekara bayan cikakkun shekarun ritaya, har ta kai 70, sa'an nan ta koma kansa idan ya fi. Rashin sanin wannan ya jawo wa mutane da yawa asara. A 2018 ofishin Babban Mai Binciken hukumar ya ba da rahoto cewa mutane fiye da 9,000 waɗanda abokan aurensu suka rasu sun yi asarar kimanin dala miliyan 132, saboda ba a fahimtar da su cewa suna iya jinkirta neman nasu fanshon ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Daɗin daɗawa, wadda ba ta kai cikakkun shekarun ritaya ba, kuma tana ci gaba da aiki, ana riƙe mata dala 1 daga kowace dala 2 da ta samu sama da wata iyaka. A 2025 iyakar ita ce dala 23,400 a shekara. Haka kuma kuɗin nan dala 255 da hukuma ke bayarwa sau ɗaya idan an yi rasuwa, sakakkiya ba ta da rabo a cikinsa.

Babbar matsala kuma ita ce ta labari. Matar da ke ɗaki ta san ranar da mijinta ya cika. Wadda aka saka tun tuni, mai yiwuwa tana wata jiha, ba wanda zai aika mata da saƙon rasuwa. Idan dama tana karɓar rabin fanshonsa, hukuma kan juya shi zuwa na mamaci da kanta. Idan kuwa nata take ci, sai ta je ta nema, ta kai takardar aure, da takardar saki, da shaidar rasuwa. Idan ta makara, abin da za a biya ta na baya ba ya wuce na wata 6.

MA'AIKATAN GWAMNATI

A wasu jihohin Amurka, irin su Kalifoniya, da Tekzas, da Ohayo, da Luwiziyana, malaman makaranta da wasu ma'aikatan gwamnati da yawa ba sa biyan harajin tsarin fansho na ƙasa, domin jihohinsu na da nasu asusun dabam. A 1977 Majalisa ta ga cewa irin waɗannan ma'aikata za su ci tudu biyu, watau fanshon jiha da kuma na miji ko mata, alhali sauran ma'aikata ɗaya kawai suke ci. Sai ta kafa ƙa'idar ragi. Da farko dala bisa dala ake cirewa, amma daga 1983 aka mai da shi kashi biyu cikin uku na fanshon gwamnatin.

Ga yadda abin ya kasance. Malamar da ta yi ritaya tana karɓar dala 3,000 daga jiha, kuma ta cancanci dala 1,800 daga fanshon tsohon mijinta da ya rasu, sai a ce kashi biyu cikin uku na 3,000 shi ne 2,000. Tun da 2,000 ya fi 1,800, ta tashi a tutar babu. Mutane fiye da 700,000 wannan ƙa'ida ta shafa, mafi yawansu mata.

Ƙungiyoyin malamai da na 'yan sanda sun yi shekaru suna kai gwauro suna kai mari a kan a soke ta. A watan Nuwamba, 2024, Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 327, masu hamayya 75. A watan Disamba Majalisar Dattijai ta bi sahu da ƙuri'a 76, masu hamayya 20. Dokar ta koma baya ta fara aiki daga kuɗin watan Janairu, 2024, saboda haka hukuma ta fara biyan bashin baya a watan Fabrairu, 2025. Sai dai an sami waɗanda tun farko ba su taɓa cika takardar nema ba, domin sun san ragin zai cinye kome. Su waɗannan tilas su nema yanzu, kuma ƙa'idar wata 6 tana hawa kansu. Sakakkun mata na cikin waɗanda suka fi faɗawa wannan rami, don kuwa da yawansu ba su ma san suna da hakki ba.

MASU YABO DA MASU SUKA

Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa aikin gida aiki ne. Albashin da miji ya samu a shekarun aure, da hannun matar a ciki, domin ita ta tsare gida har ya sami sukunin fita nema. Suna kuma nuni da yadda mutuwar aure ke ƙaruwa a tsakanin manya. Binciken Susan Brown da I-Fen Lin na Jami'ar Bowling Green ya nuna cewa yawan saki a tsakanin 'yan shekara 50 zuwa sama ya ninka biyu daga 1990 zuwa 2010, har ya zama a 2010, cikin kowane mutum huɗu da aurensu ya mutu, ɗaya ya kai shekara 50 ko ya haura. Macen da aka saka a irin wannan shekaru ba ta da sauran lokacin tara nata fanshon.

Masu suka kuwa sun kasu kashi uku. Na farko suna cewa iyakar shekara 10 ba ta da tausayi, domin kwana ɗaya na iya raba mace da abincin tsufanta, har takan sa wasu su daure wa zaman da ya riga ya lalace don kawai su cika lissafi. Na biyu suna cewa tsarin ya fifita aure a kan aiki. Macen da ba ta taɓa aure ba, ko wadda aurenta bai kai shekara 10 ba, wadda ta yi shekara 35 tana aikin ƙaramin albashi tana biyan haraji, tana iya samun ƙasa da abin da za a ba wadda ba ta taɓa biyan haraji ba amma ta auri mai babban albashi. Na uku kuwa kuɗi suke dubawa. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta cewa dokar 2025 za ta ci kimanin dala biliyan 196 cikin shekara 10. Rahoton amintattun asusun na 2025 kuma ya ce ajiyar da ake biyan tsofaffi da iyalan mamata daga cikinta za ta ƙare a 2033, kuma idan ba a yi gyara ba, kashi 77 cikin 100 na hakkin kowa ne kaɗai za a iya biya. In haka ta faru, waɗanda ba su da wata madogara sai wannan kuɗi su ne za su fara ji a jikinsu.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. Jamus ta Yamma tun 1977, da Kanada tun 1978, sun tanadi raba hakkin fanshon da ma'aurata suka tara a shekarun aure tsakaninsu idan an yi saki, kowa ya tafi da nasa a sunansa. Birtaniya ta ba kotuna irin wannan iko daga watan Disamba, 2000. A Faransa kuwa, kaso ɗaya ne ake rabawa tsakanin matar da mamaci ya bari da waɗanda ya saka, gwargwadon daɗewar kowacce a gidansa. Hanyar Jamus da Kanada ta fi 'yantar da mace, domin ba sai ta jira mutuwar wani ba. Hanyar Faransa ta fi sauƙi ga baitulmali, amma tana haɗa kishiyoyi a kan ƙwarya ɗaya. Ta Amurka ta fi karamci ga wadda ta cika sharaɗi, ta fi tsada ga gwamnati, ta kuma fi ƙunci ga wadda ta gaza da 'yan kwanaki.

INDA YA SHAFI 'YAN ƘASAR NAN

'Yan Nijeriya da yawa sun zauna a Amurka, sun yi aure a can, wasu auren ya mutu sun dawo gida. Irin waɗannan ya kamata su sani cewa wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba, idan yana zaune a waje, akwai ƙarin sharuɗɗa a kansa. Galibi ana bukatar ya nuna cewa ya zauna a Amurka shekara 5 a cikin wannan aure, kuma akwai ƙa'idar tsai da biya ga wanda ya yi wata 6 a jere a wajen ƙasar, sai fa in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe. Adana takardar aure da ta saki, ko bayan shekara nawa ne, shi ne matakin farko.

A gida kuwa, Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ɗora tsarin a kan asusun ajiya na kowane ma'aikaci, inda yake zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Idan ya rasu, abin da ya rage a asusun na magadansa ne. A shari'ar Musulunci matar da aka yi wa sakin kome tana gado idan mijin ya rasu tana cikin idda, kuma a mazhabar Malikiyya wadda aka saka a cikin ciwon ajali tana gado ko da iddarta ta ƙare. In ban da wannan, sakakkiya ba ta cikin magada. Wannan hukuncin gado ne, kuma a sarari yake. Amma abin da Amurkawa suka yi ba rabon gado ba ne, domin ba su taɓa dukiyar mamaci ba. Tanadi ne na gwamnati, daga harajin jama'a, domin tsohuwar da ƙuruciyarta ta ƙare a hidimar gidan da ba nata ba ne yanzu.

Tsarin da ya dogara ga asusun mutum ɗaya ba shi da gurbin irin wannan tanadi. A halin yanzu 'ya'ya da dangi ne ke ɗauke da nauyin tsofaffin zawarawa, kuma wadda ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta ba su da hali, ta san yadda take kwana. Amurka ta ɗauki shekara 30 kafin dokarta ta san da sakakkiyar tsohuwa, ta kuma ƙara wasu shekaru 60 tana gyara, har yanzu ba a gama gardama ba. Masu tsara manufofin fansho, da ɗaliban da za su gaje su, suna da abin nazari a cikin wannan tarihi tun kafin matsalar ta fi ƙarfin dangi.